Basamariyen da ya tsaya a hanyar Yariko

Daga Urushalima zuwa Yariko tafiyar kusan kilomita 27 ce, kuma gangara ce zalla, domin Yariko tana can cikin kwari, kimanin mita 250 ƙasa da matakin teku. Hanyar tana ratsa duwatsu da kwazazzabai inda 'yan fashi ke fako. A kanta Yesu ya gina misalin da ke Luka sura 10, sa'ad da wani masanin Attaura ya tambaye shi wane ne maƙwabcinsa.

A duba halin mutumin da aka yi wa fashi a cikin misalin. An tuɓe shi, an bar shi rai a hannun Allah, ba riga, ba baki. Da tufafi da harshe ake gane ɗan ina ne mutum, a wancan zamani kamar yau, shi kuwa an raba shi da duka biyun. Firist ya gan shi ya ratse, Balawe ma haka. Wasu masu sharhi sukan ba su uzuri da dokar tsarki, wai taɓa gawa zai ƙazantar da su. Ni dai ban gamsu ba. Firist ɗin gangarowa yake yi, Haikali yana bayansa, mutumin kuma da sauran numfashinsa.

Sai ga Basamariye. Mu da muka taso muna jin sunan a coci, ba ya ɗaga mana hankali, amma a kunnen Bayahuden lokacin sunan abokin gaba ne. Samariyawa a Dutsen Gerizim suke sujada, littattafan Musa biyar kaɗai suka yarda da su, kuma shugaban Yahudawa Yohanna Hirkanus ya rushe musu haikali fiye da shekara 100 kafin haihuwar Yesu. A Luka sura ta 9 ma wani ƙauyensu ya hana Yesu masauki, har almajirai biyu suka so a kira wuta ta cinye shi.

Wannan baƙon ne ya zuba mai da ruwan inabi a raunukan, ya ɗaure, ya ɗora majinyacin a kan dabbarsa, ya kai shi masauki, ya kwana yana jinya. Da gari ya waye ya ba mai masauki dinari 2, ladan ɗan ƙodago na kwana biyu, ya kuma ɗauki nauyin duk abin da za a ƙara kashewa. Nan ne wuyar take, bashin da bai san iyakarsa ba. Duk wanda ya taɓa kai wanda mota ta buge asibiti ya san zancen: kuɗin kati, neman jini, tambayoyin 'yan sanda.

Masanin ya zo neman inda nauyin da ke kansa ya tsaya. Yesu ya juya tambayar: cikin ukun nan, wa ya zama maƙwabci ga wanda ke kwance? Amsa ta fito daidai, mai tausayin ne, amma bakin malamin bai iya furta Basamariye ba.