Kula da Kayan Kiɗa Masu Tsirkiya a Kwalejojinmu

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a jawo hankalin malaman kiɗa ga dalilin da ya sa jita da gogen Turawa, waɗanda kwalejoji ke saye da tsada, sukan lalace tun ba su je ko'ina ba. Babban abokin gabarsu shi ne sauyin laimar iska da zafi. Dauɗa tana biye.

2.0 Katako da Yanayi

Katako yakan sha laima ya kumbura, ya kuma saki laima ya tsuke, ko da an daɗe da sassaƙa shi. Masu ƙera jita sun fi son a ajiye ta inda laimar iska take tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A Kano kuwa, da rana a lokacin hunturu, laimar kan sauka ƙasa da kashi 20, sa'an nan ta haura kashi 70 a watan Agusta. To, fuskar jita siririn allo ce, ga kuma tsirkiyoyin ƙarfe suna janta da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70. Idan allon ya bushe farat ɗaya sai ya tsage, ko kuwa jakin da ke riƙe da tsirkiyoyin ya ɗago. Haka nan zafi yakan sassauta gam ɗin da aka haɗa sassan da shi, don haka barin jita cikin mota a rana ganganci ne.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A mayar da abin kiɗa cikin akwatinsa da zarar an gama, a sa jiƙaƙƙen soso cikin ɗan gwangwani mai huji a ajiye a ciki lokacin hunturu, ba tare da ruwa ya taɓa katakon ba. Da damina a cire soson, a nisanta akwatin daga bango mai danshi.

3.0 Tsabtacewa

Ƙa'idar ita ce busasshen ƙyalle mai laushi bayan kowane darasi. Gumin hannu yana sa tsirkiya tsatsa. Garin ƙaron da ake goga wa izgar bakan goge kuwa, idan ya kwana a fuskar katako, yakan manne da man ƙyallinta. Kada a kusanto da sifirit, domin yana narkar da wannan mai. Idan za a sauya tsirkiyoyin goge, a bi su ɗaya bayan ɗaya, don kada jakin ya faɗi.

4.0 Na Girafait

A 1976 kamfanin Ovation na Amurka ya fito da jitar Adamas, mai fuskar zaren girafait. Yau akwai jita da goge waɗanda ɗaukacin jikinsu na girafait ne. Irin waɗannan ba ruwansu da hunturu, kuma ana iya goge su da ƙyalle mai ɗan danshi. Sai dai tsirkiyarsu tana tsatsa kamar kowace, matsanancin zafi kuma yana cutar da danƙon da ya haɗa zaren.

5.0 Kammalawa

Gogen da Antonio Stradivari ya ƙera a 1716 yana nan garau a gidan tarihi na Ashmolean da ke Oxford, saboda adanawa. Shawarar wannan takarda ita ce a sa darasin kula da kayan kiɗa cikin manhajar shekarar farko, a kuma ɗora wa malami guda alhakin ɗakin ajiyarsu.