Kowa da sa'ansa a fagen dambe

Da la'asar sakaliya, daga wajen gidan Mumbayya na Malam Aminu Kano a Gwammaja har zuwa gindin Dala, da wuya ka ratsa lungu biyu ba ka tarar da yara sun naɗe hannu da tsumma suna gwada damben da suka gani a waya ba. Sha'awar ba laifi ba ce. Abin dubawa shi ne wa ke koya musu, kuma me yake fara koya musu.

Damben gargajiya yana da nasa tsari tun asali. Yaro yakan shiga ƙarƙashin ubangida, ya riƙe masa kaya, ya koyi ɗaura zare, ya daɗe yana kallo kafin a bar shi ya shiga sharar fage da sa'anninsa. Shi ya sa ake jin Shagon wane da Autan wane, ko a ɓangaren 'yan damben Kudu, ko Arewa, ko Guramada. Sai dai awon ubangida na ido ne: ya dubi tsayi da faɗin ƙirji ya ce sun dace. Ido kuwa yana ruɗi. Ɗan shekara 13 mai girman jiki ba sa'an ɗan 18 ba ne, ko da nauyinsu ɗaya.

Dalilin yana cikin ƙashi. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yaro akwai guringuntsi, daga nan ƙashin yake tsawo, kuma ba ya gama ƙanƙara sai wajen shekara 16 zuwa 18 ga maza, mata kan riga su. Wurin ya fi sauran ƙashin rauni. Mummunar faɗuwa a kokawa, ko naushin buhun yashi kullum da hannun da bai nuna ba, na iya taɓa shi, hannu ya tashi a karkace. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan kusa, amma gyaran irin wannan karaya ba kamar na babba ba ne. Bugun kai ya fi muni, domin wuyan yaro bai yi ƙarfin tare girgizar naushi ba. A 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fito fili ta ce ba ta goyon bayan damben yara, kuma a 2018 wani ɗan shekara 13 ya rasu a Tailan bayan bugun da ya sha a fage.

Don haka ɗan ƙasa da shekara goma, a ganina, ba shi da haɗi da kisa, wato kai abokin karawa ƙasa. Nasa shi ne tsayuwa, kaucewa, guje-guje, langa, da koyon faɗuwa ba tare da dafa ƙasa da miƙaƙƙen hannu ba. Masu judo da faɗuwar suke fara wa kowa. Daga 12 zuwa 14 a shigo da dabarun kai hannu da karewa, a gajeren turmi, ba dukan kai. Masu tekwando sun ware waɗannan shekaru a rukuni guda, 15 zuwa 17 a wani, kuma ba sa ba wanda bai kai 15 ba cikakken matsayin baƙar ɗamara, komai iyawarsa. Wannan wasan ne ya kai Abdoulrazak Issoufou Alfaga na Nijar ga lambar azurfa a gasar Olamfik ta Rio a 2016.

Shekaru kaɗai ba su isa awo ba. Magidanci ɗan 35 da ya zo don rage tumbi sabon shiga ne, ko da ya haifi rabin ajin. A auna hawan jininsa, a bi da shi sannu, kar kuma a kunyata shi gaban yara. Mai koyarwa ya san wanda ya taso daga islamiyya bai ci komai ba, ya rage atisaye a zafin Afrilu da lokacin azumi. Yaron da ya sha bugu a kai har ya yi jiri ko amai, a zaunar da shi, likita ya gan shi, ko da makaɗi na kiran sunansa kuma uban na cewa a bar shi ya zama namiji.