Karatun shaƙatawa da yawon buɗe ido: Kwas ɗin da ake rainawa alhali Arewa na buƙatarsa

Idan ɗalibi ya dawo gida da takardar samun gurbin karatu a fannin shaƙatawa da yawon buɗe ido, abin da yakan fara ji daga 'yan uwa shi ne: "Yanzu hutun ma sai an je makaranta an koyo?"

Sai dai masu wannan zolaya sun manta cewa hutun wani aikin wani ne. Duk iyalin da suka kai yara gidan zoo ko wurin wasa ranar Sallah, akwai wanda ya tsara tikiti da tsaro da tsafta da abinci kafin su iso. Wannan aiki shi ake koyarwa.

Yadda karatun yake

A Najeriya ana yin kwas ɗin ne a wasu kwalejojin kimiyya da fasaha, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, NBTE, wadda aka kafa a 1977, kuma hedikwatarta ke Kaduna.

Ɗalibi zai fara da ƙaramar difloma, wato ND, ta shekara biyu, sannan ya yi shekara guda yana sanin makamar aiki a otal ko gidan tarihi ko kamfanin shirya tafiye-tafiye. Daga nan sai ya koma ya yi wasu shekaru biyun domin babbar difloma, wato HND.

A matakin HND ne karatun ke karkata ga shugabanci: tsara kasafin kuɗin wuri, tallata shi, shirya bukukuwa da taruka, kula da ma'aikata, da kare muhalli da kayan tarihi daga ɓarnar maziyarta.

Akwai kuma cibiyar gwamnatin tarayya ta NIHOTOUR, mai horar da ma'aikatan otal da yawon buɗe ido, wadda ke da reshe a Bagauda da ke Jihar Kano.

Ina aikin yake?

Wuraren aikin ba su da nisa. Gandun dajin Yankari a Jihar Bauchi, wanda aka buɗe wa jama'a a 1962, na da giwaye da kuma maɓuɓɓugar Wikki, wadda ɗumin ruwanta ke tsayawa a kusan digiri 31 rani da damina.

Hukumar UNESCO ta sanya Sukur da ke Adamawa cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ta kuma amince da bikin kamun kifi na Argungu a 2016, da hawan Sallar Kano a 2024, a matsayin al'adun da duniya ta gada.

Amma suna kaɗai ba ya kawo baƙo. Sai an samu wanda zai tanadar masa masauki, ya yi masa jagora, ya ba shi labarin wurin daidai, ya sa ya yi marmarin dawowa. Inda babu irin waɗannan ƙwararru, wuri yakan cika a ranar biki kawai, sauran shekara kuma ya zama kufai.

Ƙalubalen da ke gaba

Babbar matsalar ita ce tsaro, domin babu mai fita shaƙatawa a hanyar da yake tsoron bi. Bikin Argungu kansa ya shafe kusan shekara goma ba a yi ba kafin a dawo da shi a 2020. A irin wannan lokaci, masu jagora da masu masauki da masu sayar da abinci ne ke fara ji a jikinsu.

Ga kuma daɗaɗɗen ƙorafin masu HND cewa ana fifita masu digiri a kansu wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.

Saboda haka, mai sha'awar fannin ya tabbatar NBTE ta tantance kwas ɗin a makarantar da ya zaɓa, ya riƙi shekarar sanin makamar aiki da muhimmanci, ya kuma ƙara da Faransanci, tunda Nijar da Chadi da Kamaru da Benin ne maƙwabtanmu. Kada kuma ya jira aikin gwamnati kawai: shirya taron biki, kai ɗalibai ziyarar buɗe ido, ko buɗe wurin wasan yara a unguwa, duk sana'o'i ne da za a iya farawa da ƙaramin jari.