Ko Kun Sani? Wutar da ke kewaya cikin na'ura

Akwai wutar lantarkin da ke zagayawa a cikin na'ura ba tare da ta kai ga mai amfani ba, amma tana cin kuɗi. Na'urar juya wuta da ake kira MMC, wadda Farfesa Rainer Marquardt na Jamus ya ƙirƙiro, ta fara aikin kasuwanci a 2010 a layin Trans Bay Cable mai kai megawat 400 birnin San Francisco na Amurka. Tana da rassa shida, kowanne jere da ƙananan akwatuna masu ma'ajiyar caji. Ma'ajiyoyin nan suna cika suna raguwa, sai ƙarfin rassan ya saɓa, wata wuta ta riƙa kewayawa tsakaninsu da ninki biyu na bugun layi, wato sau 100 a daƙiƙa inda layin ke bugun 50.

Wani zai ce tunda ba ta fita waje, a ƙyale ta mana. Ai ɓarnarta a ciki take: tana ɗumama makunnai, tana ƙara asara, tana tilasta sayen kayan da suka fi girma. Shi ya sa ake sa naɗin waya a kowane reshe, sannan kwamfuta ta auna wutar da ke kewayawa, ta daidaita ƙarfin rassan har ta kwanta. Sai dai a ganina murƙushe ta gaba ɗaya ba kullum ne daidai ba, domin injiniyoyi kan bar wani kaso da gangan ya rage hawa da saukar cajin, a samu damar amfani da ƙananan ma'ajiyoyi.