Sarƙar inji: Abin da ke kwantar da tsofaffin Hilux a Jega, Aliero da Maiyama

Daga ƙauyukan Katanga zuwa kasuwar Jega, daga gonakin albasa na Aliero zuwa hanyar Maiyama da ta nufi Koko da Yawuri, a-kori-kura ce jakin wannan zamani. Ita ke kwasar buhuna, kuma irinta ce, musamman Toyota Hilux, ake raba wa jami'an tsaro da ma'aikatu. Da yawa daga cikinsu sun ci dubban ɗaruruwan kilomita, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da ke kwantar da su shi ne sarƙar da kanikawa ke kira taimin cen.

Mene ne aikinta?

Sarƙar tana haɗa karanshaf, wanda fistin ke juyawa, da kamshaf, wanda ke buɗe bawul yana rufewa. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf yana yin ɗaya. Idan sarƙar ta saki har ta tsallake haƙori, wannan lissafi ya rushe. A injina da dama fistin kan doki bawul ya lanƙwasa shi, gyaran sarƙa ya koma sauke inji.

Ba kowace Hilux ke da sarƙa ba. Injin fetur mai lita 2.7, wato 2TR-FE, sarƙa gare shi, haka ma injinan dizal 1GD da 2GD da suka fito daga 2015. Amma tsofaffin 1KD da 2KD bel suke amfani da shi, wanda Toyota ta ce a sauya a kilomita 150,000. Don haka matakin farko shi ne mai mota ya san injinsa.

Me ke kashe ta?

An ƙera sarƙar ne don ta daɗe, shi ya sa ba a yanka mata wa'adi kamar bel. Sai dai rayuwarta a hannun baƙin mai take. Shi ke shafe mahaɗanta, kuma ƙarfinsa ne ke tura tenshina, ƙarfen da ke ɗaure ta. Idan man ya tsufa ko ƙurar hunturu ta gurɓata shi, mahaɗan sukan cinye, sarƙar ta ƙara tsawo, robobin da take bi ta kansu su tsattsage.

Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, baƙin mai da kayan gyara sun yi tsada. Direban da ciniki ya ja wa baya yakan ɗage juyen mai, ko ya sayi na awo wanda ba a san asalinsa ba. Wannan araha ce ke komawa asara.

Alamomi da mafita

Babbar alama ita ce ƙarar kacau-kacau daga gaban inji idan an tayar da shi da safe. Sai raguwar ƙarfi, yawan shan mai, da kamawar fitilar gargaɗin inji. Idan an jona na'urar bincike, takan nuna lambar P0016.

A hanyoyi masu ƙura, ma'aunin da aka saba shi ne a juye mai tare da sauya filta duk kilomita 5,000. Idan kuma sarƙar ta riga ta saki, a sauya ta tare da tenshina da robobi da giyoyinta, domin sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta yin ƙarko.

Inda zancen ya shafi mulki

Ɗan kasuwa ya yi sakaci, aljihunsa ne zai ji. Motar gwamnati kuwa da kuɗin jama'a aka saye ta, kuma idan ta kwanta, ƙauyen da ke jiran sintiri ko allurar rigakafi shi ke biya. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yuli, 2024, cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, tambayar ta ƙara matsowa gida.

Matasan Jega, Aliero da Maiyama ba sa buƙatar zama kanikawa kafin su bibiyi wannan. Ya isa su tambayi kansila ko shugaban ƙaramar hukuma: motoci nawa aka saya, nawa ke kan hanya, nawa aka ware don gyara, kuma ina takardar da ke nuna ranar da aka juye wa kowace mai?