Gwanjon Intanet: A Yi Lissafi Kafin A Taya

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano lokacin da ake kwance sabuwar dila ya san yadda cinikin kayan gwanjo yake. Za ka ɗaga riga ka haska ta a rana, ka juya cikinta ka duba ɗinki, ka ja zif, har ka shinshina. Ka taya, mai kaya ya ce albarka, ka ƙara, ya ce kawo kuɗi. In ka je gida ka tarar da aibi, ka san rumfar da za ka koma gobe, ka san shugaban layi, ga kuma dillalin da ya ci la'ada a kanku. Ido da hannu da sanayya su ne suke tsare kuɗin mai saye.

Yau wani sashe na wannan kasuwa ya koma cikin waya. Matasanmu suna tayin wayoyi da kwamfutoci da agoguna a eBay, masu harkar mota suna kwana a shafukan Copart da IAA na Amurka, Hukumar Kwastam ta Najeriya ma ta intanet take gwanjon kayan da ta kama. Ana samun alheri a ciki, babu musu. Sai dai a can hannunka ba ya taɓa kaya, ba ka san fuskar mai shi ba, babu kuma wanda zai shiga tsakani don yana jin nauyin mahaifinka. Abin da ya rage ya tsare ka shi ne lissafin da ka yi tun kafin ka danna maɓallin tayi.

Yadda tayi yake tafiya

A shekarar 1995 wani mai tsara manhajar kwamfuta, Pierre Omidyar, ya buɗe shafin da ya zama eBay a jihar Kalifoniya. Cikin kayan farko da aka sayar akwai wani ɗan tocilan na nuni a allo wanda ya lalace, amma duk da haka aka saye shi dala 14 da santi 83. Haka gwanjo yake tun asali: farashi yana tsayawa ne inda masu tayi suka gaji.

A eBay ba sai ka zauna kana ƙara kuɗi da hannunka ba. Kana rubuta iyakar abin da za ka iya biya, shafin ya ɓoye adadin, ya riƙa ƙara maka kaɗan-kaɗan duk sanda wani ya taya. A ce ka ga kwamfuta ka sa iyakarka dala 200, wani ya zo ya sa 150. Nan take shafin zai ɗaga tayinka zuwa 152 da santi 50, domin a wannan mataki dala biyu da rabi ake ƙarawa. In lokaci ya cika babu wanda ya wuce nan, abin da za ka biya ke nan.

Mai kaya yakan ba gwanjonsa wa'adi daga kwana ɗaya zuwa goma, kuma ƙwararru ba sa nuna kansu sai saura daƙiƙu kaɗan a rufe. Saboda haka ɗan farashin da ka gani saura kwana uku bai gaya maka komai ba. A gwanjon motoci kuwa kai tsaye ake yi, duk sabon tayi yana sake ɗaga agogo har sai kowa ya yi shiru. Wasu masu kaya kuma sukan ajiye farashin ɓoye, wanda in ba a kai shi ba, ko ka fi kowa tayi an ce maka albarka ke nan. A kuma sani, tayi alkawari ne. Wanda ya ci ya ƙi biya, a eBay ana rubuta masa laifi a asusunsa har ta kai a hana shi tayi, a gwanjon motoci kuwa tara ake cinsa.

Zafin gasa da najashi

Babban abokin gabar mai tayi zuciyarsa ce. Saura minti ɗaya wani ya wuce ka da dala biyar, sai ka ji kamar an ƙwace maka abin da ya riga ya zama naka, ka ƙara, ya ƙara, ka sake ƙarawa. A shekarar 1971 wasu injiniyoyi uku na kamfanin mai na Atlantic Richfield sun yi rubutu a kan yadda kamfanonin da ke cin gwanjon filayen haƙar mai a Mashigin Tekun Meksiko suke ƙarewa da riba ƙasa da wadda suka zata. Dalilin a fili yake: cikin masu tayi da yawa, wanda ya fi kowa zuzuta darajar kayan a ransa shi ne yake ci. In manyan kamfanoni masu tarin akantoci suna faɗawa wannan rami, ina ga mai waya ɗaya a hannu da ƙarfe biyun dare?

Akwai kuma tsohuwar cuta da malamanmu na fiƙihu suka daɗe da sani, wato najashi. Musulunci ya halatta cinikin gwanjo, amma hadisi ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana najashi, kuma Imam Malik ya kawo wannan hani a Muwaɗɗa. Ma'anarsa mutum ya ƙara tayi ba da niyyar saye ba, don kawai ya ruɗi waninsa. A intanet mai kaya ne yake buɗe asusu na biyu, ko ya sa abokinsa. Mu koma kan kwamfutar nan: ɗan najashi ya yi ta matsa tayi har 195, shafin ya ɗaga naka zuwa 197 da santi 50. Ka ci, amma an zare maka dala 45 ba ka sani ba. eBay ta haramta wannan, sai dai ba duka take kamawa ba. Ka buɗe jerin tayin ka duba. In ka ga sabon asusu marar tarihi, wanda kayan mutum ɗaya kawai yake tayawa, yana ƙara kaɗan-kaɗan ko yana janye tayi bayan ya gano iyakarka, to ka bar musu kayansu.

Nawa ne darajar kayan?

Farashin da mai kaya ya rubuta buri ne kawai. Darajar gaskiya tana cikin abin da aka riga aka sayar. eBay tana da wurin da za ka tace bincikenka ya nuna maka kayan da aka sallama a 'yan watannin nan da kuɗin da aka biya. Ka duba guda biyar ko goma masu samfuri ɗaya da lafiya ɗaya da wanda kake so, ka ajiye mafi tsada da mafi araha a gefe, ka riƙe na tsakiya.

Daga nan ka yi lissafi ta baya. In waya ce, nawa ake sayar da irinta ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre yau? Daga wannan kuɗi ka cire na aikowa, da harajin da shafin zai ɗora, da la'adar wanda zai karɓa maka a can, da kuɗin fito, da bambancin canji, da abin da za ka kashe a gyara. Abin da ya saura shi ne iyakar tayinka. Sau da yawa lissafin zai nuna maka cewa tsallaka titi ka saya a gida, inda za ka kunna ka gwada, ya fi maka sauƙi.

Karanta bayanin kaya har ƙarshe, domin a layin ƙarshe ake ɓoye cewa na cire kayan gyara ne kawai. Wayar iPhone da ke kulle da asusun iCloud na tsohon mai ita ba za ta buɗu maka ba. Wata kuma an ɗaure ta da layin kamfanin sadarwa ɗaya na can. Nemi lambar IMEI mai alƙaluma 15 a bincika ko an kai rahoton sace ta. Kayan lantarkin Amurka da yawa an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone su. Duk mai kayan da ya ce ku fita daga shafin ku ƙarasa a WhatsApp zai rage maka, so yake ya raba ka da kariyar mayar da kuɗi, wadda ba ta aiki sai a cinikin da aka biya ta cikin shafin.

Motocin gwanjo

Yawancin motocin da ke Copart da IAA kamfanonin inshora ne suka kawo su, bayan sun ga kuɗin gyara bai cancanci darajar motar ba. A yadda suke ake sayar da su, babu garanti, babu dawowa. In ka ga an rubuta cewa mota tana tashi tana tafiya, abin nufi shi ne ta tashi ta matsa gaba lokacin da aka karɓe ta a filin ajiya. Ba a ce za ta kai ka Zariya ba.

Na taɓa tsayawa a garejin wani bakanike ana duba wata mota da ta iso daga irin wannan gwanjo. Fenti yana ƙyalli, kujeru tas, mai ita sai murmushi yake. Bakaniken bai ko buɗe bonet ba. Ya durƙusa ya ɗaga kafet ɗin ƙarƙashin kujerar direba, ya shafo da yatsa, ya ce, "Alhaji, zo ka gani." Busasshiyar laka ce. Ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga layin da ruwa ya tsaya ya bar shaida. Ƙarafan da kujerar ke gudu a kai duk tsatsa. "Wannan ta kwana a ruwa," in ji shi, "yau za ta tashi, amma wayoyinta ɗaya bayan ɗaya za su riƙa mutuwa." Bayan manyan guguwa irin Katrina ta 2005 da Harvey ta 2017, motoci masu ɗimbin yawa da ruwa ya ci sun bi ta gwanjo, wasunsu kuma suka haye teku.

Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Da ita ake sayen rahoton tarihinta a Carfax ko AutoCheck, a ga haɗurran da aka rubuta da nisan tafiyar da ta yi. Ka nemi lambar da kanka, kada ka dogara da hoton rahoton da dillali ya turo. Sannan ka tuna kuɗin tayi somin taɓi ne: akwai kuɗin shafin gwanjo, da na dillalin da ke da lasisin tayi, da na ajiya in an makara ɗauka, da dako zuwa bakin ruwa, da jirgi zuwa Legas, da fito, da gyara. A kan mota mai araha waɗannan sukan kamo kuɗin tayin, har su wuce shi.

"Kwastam na gwanjo"

Hukumar Kwastam ta fara gwanjo ta intanet a 2017, ta kuma sabunta tsarin a watan Janairun 2024. A shafinta na hukuma ake yi, wanda adireshinsa ke ƙarewa da gov.ng, kuma sai mai lambar biyan haraji ta TIN yake yin rajista ya taya da kansa. 'Yan damfara sun fake da wannan. Za ka ga hoton mutum cikin kaki a Facebook, ga jerin Hilux da buhunan shinkafa a farashin da ko yaro ya san banza ba ta kai zomo kasuwa. Za a fara da kuɗin fom, sai na sa hannun oga, sai na man direban da zai kawo maka har ƙofar gida, duk cikin asusun banki mai sunan mutum. Hukumar ta sha gargaɗin cewa ba ta sayar da kaya ta kafofin sada zumunta. Duk wanda ya ce zai ware maka mota ba tare da tayi ba, cinikin biri a sama yake yi da kai.

In kai ne mai sayarwa

Faɗi aibin kayanka, ka ɗauki hotonsa kusa. Addini ya wajabta, kasuwa ma ta wajabta, domin mai saye zai dawo da kayan a cire kuɗin daga asusunka. La'adar eBay a yawancin kaya ta haura kashi 10 cikin ɗari, ka sa ta a lissafi kafin ka yanke farashin farawa. Kada ka saki kaya don an turo maka saƙon cewa an biya, buɗe asusunka ka gani da idonka, domin alat na bogi ya zama ruwan dare. Wanda ya ce ya yi kuskure ya biya fiye da kima, ka mayar masa da ragowar, ɗan damfara ne. In waya ce ko kwamfuta, cire asusunka ka goge komai kafin ta bar hannunka, ka kuma ajiye rasit da lambar bibiyar kaya.

Kafin ka shiga kowane gwanjo, ɗauki takarda da biro da rana tsaka, lokacin da zuciya take kwance. Rubuta farashin kayan a kasuwar garinku, jera kuɗaɗen da za su hau kai, fitar da iyakarka ka ja layi a ƙarƙashinta. Sa wannan adadi sau ɗaya, ka ajiye wayar. In wani ya wuce ka, ka yi masa fatan alheri, gobe za a kwance wata dilar.