Fadama Ba Ta Ƙin Ruwa, Gaggawarsa Take Tsoro

A bakin teku, a ƙasashe irin su Ingila da Amurka, akwai waɗansu fadamu masu gishiri waɗanda ruwan teku ke rufewa sau biyu a yini, sa'an nan ya janye. Duk hawan da ya yi yakan bar laka, ciyawa ta riƙe ta, ƙasa ta ƙara tudu. To, ga shi zafin duniya yana narkar da ƙanƙara, yana kumbura ruwa, har teku ta ƙaru da wajen inci 8 tsakanin 1901 da 2018. Inda laka ta kasa cim ma ruwa, sai ciyawa ta nutse, fadama ta zama teku. A Luwiziyana ta Amurka, inda aka yi wa kogin Misisifi ganuwa laka ta daina isa fadama, an yi hasarar ƙasa wajen murabba'in mil 2,000 daga 1932 zuwa 2016.

Kada mu ce wannan labarin nesa ne. Mu mutanen ƙasar Gwandu ba mu da teku, amma fadamar Gulbin Kabi, wadda ta bi ta Argungu da Birnin Kebbi ta gangaro ƙasar Kalgo, ita ma da ruwa da laka take rayuwa. Shinkafarmu ta gargajiya takan ƙara tsawo in ruwa yana hawa sannu sannu. In ya zo gaba ɗaya kuwa, sai ya shanye kanta ta ruɓe.

Tun da aka gama dam na Bakolori a 1978, aka bi da na Goronyo, laka mai yawa tana kwanciya a bayansu, cikar gulbi kuma ta sāke hali. A 2010 da 2020 ambaliya ta cinye gonakin shinkafa na Jihar Kebbi, manoma da yawa suka tashi ba ko dami guda.

Saboda haka muna kira ga malamai su kafa sanda mai awo a bakin fadama, yara su riƙa duba hawan ruwa kowane mako na damina. Akawuna kuwa su ajiye lissafin a ofishin Hakimi, su kuma gargaɗi masu gini a kan hanyar ruwa. Garin da ya san iyakar ruwan bara, shi zai san inda zai shuka bana.